Mun Kai Auta Bakin Kwara

Labarin wannan wata na tafiya ne, tafiyar da muka yi da 'ya'yanmu uku zuwa ƙasar Bagudo, can kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, a Kirsimatin 2022. Amma kafin mu kai ku can sai mun biya da ku Abuja, gama a can maganar ta soma.

Sandar awo

A hutun watan Agusta na shekarar nan muka kai yara wani wurin wasa a Abuja. Akwai lilo iri iri. Wanda ya fi ɗauke musu hankali shi ne wani ɗan jirgi mai taragai da ke gudu a kan dogo. Yakan hau sama sannu sannu, sa'an nan ya sulalo da gudu, ya karkata dama, ya karkata hagu, na ciki suna ta ihu. Babban ɗanmu mai shekara 9 da ƙanwarsa mai shekara 7 suka ruga suka shiga layi. Auta kuwa, wadda a lokacin shekararta 2 da wata 4, ta bi su a guje.

A bakin ƙofa akwai wata sanda a kafe, an ja mata jan layi. Kowane yaro sai ya tsaya a jikinta tukuna. Manyan suka wuce. Da aka tsai da Auta, sai ga layin can sama da kanta da kusan taƙi guda. Ta fashe da kuka. Uban yara ya ce wa mai tsaron ƙofar, "Malam, ka yi haƙuri ka bar ta. Zan ɗora ta a cinyata in riƙe ta gam."

Saurayin ya ce, "Baba, ba ƙi nake yi ba. In jirgin nan ya sulalo, hannunka ba zai iya riƙe ta ba. Ƙarfen da ke tokare mutum kuwa ba a yi shi domin ƙaramin jiki irin nata ba."

Muka koma gida ranmu ba daɗi. Daga baya ne muka bincika muka gane gaskiyar yaron. Irin wannan jirgi ya daɗe a duniya. Wanda aka fara buɗewa domin wasa a Amurka, a Coney Island ta birnin New York a 1884, gudunsa wajen mil 6 ne kawai a awa. Na yanzu akwai waɗanda suka fi mil 100. Saboda haka masu yin su suka sa doka ta tsawo. Manyan, yawanci sai yaro ya kai ƙafa 4. Ƙanana na yara, wajen ƙafa 3. Ba a tambayar shekaru, ba a kuma tambayar ko yaro jarumi ne. Abin da ake dubawa shi ne ko ƙarfen kujera zai kama cinyarsa. Ga kuma maganar wuya. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawonsa, na ɗan shekara 2 kusan ɗaya cikin biyar, na babban mutum kuwa wajen ɗaya cikin takwas. Ƙaramin yaro babban kai yake ɗauke da shi a kan siririn wuya, fizga kaɗan ta isa ta ji masa.

Muka ce to, mun ƙaru. Muka manta da maganar. Ba mu san za mu sāke gamuwa da ita a inda babu sanda, babu mai tsaron ƙofa ba.

Saƙon Kaka

A farkon Disamba sai ga waya daga Yaya, wan uban yara, wanda yake aikin asibiti a wajen Illo. Ya ce Kaka, wato mahaifiyarsu, ta yi ta fama da jiki tun damina. Ta sami sauƙi, amma kullum maganarta ɗaya ce: ba ta taɓa ganin Auta ba, kada a bari ta mutu ba ta ɗauki jikarta ba.

Kaka Bagungiya ce, haifaffiyar tsibiran Yauri. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya shafe tsibirai da yawa, dubban mutane suka tashi. Iyayenta suka bi Kwara suka yi sama har suka sami wani gungu a tsakiyar kogi suka kafa tunga. A can ta yi aure, a can ta haihu, a can kuma suke taruwa su yi sujada a ƙarƙashin rumfa, gida huɗu ko biyar. Yaya ya yi ya yi ta dawo gari ta ƙi. Ba mota, ba babur da ke zuwa tungar nan. Sai jirgi.

Hanyar Bagudo

Muka tashi da asuba ranar 21 ga Disamba. Muka bi ta Kwantagora da Yauri, muka kwana a hanya. Kashegari, a Koko, muka bar babbar hanyar Jega muka yi yamma. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe ko'ina, rana kamar faranti. An gama girbi, rumbuna sun cika, shanun Fulani suna kiwo a cikin karan gero. Da muka matso fadama sai ƙasa ta sāke kama: gonakin shinkafa da na albasa kore shar, injinan ban ruwa suna ta ƙugi.

Bagudo hedkwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Kebbi, jihar da aka cire daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Ba nisa da garin ne Gulbin Sakkwato, wanda mutanen ƙasar ke kira Gulbin Kabi, yake zubawa cikin Kwara. Muka tsaya a kasuwa muka sayi kifi banda da ƙuli-ƙuli. Kunnenmu ya sha harsuna: ga Hausa irin ta Kabawa, ga Fulatanci, ga Zabarmanci da Dandanci. Daga nan muka haye gadar Tuga. Yara suka manne da gilashi, gama ba su taɓa ganin ruwa mai faɗi haka ba. Auta ta hango wani kwalekwale a ƙasa, ta yi ta tafi tana cewa, "Jigi! Jigi!" Muka yi dariya. A Kaoje hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Tsamiya, mu muka bi ta Illo. Hanyar nan ta ba mu wahala, sai da magariba muka isa.

Illo tsohon gari ne na fatake. Da safe Yaya ya zaga da mu. Ya kai mu har Lolo, garin ƙarshe na Nijeriya a wannan gefen kogi. Gaba kaɗan sai Madekali ta ƙasar Benin, wadda ake kira Dahomey kafin 1975, gaba da ita kuma Malanbil mai babbar kasuwa. A nan mai tebur yakan karɓi naira, ya karɓi sefa. Mutum gidansa a Nijeriya, surukansa a Benin, gonarsa wataƙila a tsakani.

Yaya ya ba mu labarin yadda aka ja iyakar. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a birnin Faris suka raba ƙasar Bargu. Suka rubuta cewa iyaka za ta taɓa Kwara a mil 10 sama da garin Giris, tashar jiragen Illo. Uwar yara ta ce, "Ashe har ƙasa ma da sanda aka auna ta."

A bakin ruwa

Mun zaci a watan Disamba za mu tarar da kogi ya janye. Ina! Ya cika fal. Yaya ya ce Kwara sau biyu take kawo ruwa a nan. Na farko farin ruwa, na damina, mai laka. Na biyu baƙin ruwa. Shi wannan ruwan sama ne da ya zuba can a duwatsun Gini, inda kogin ya faro. Yakan shiga manyan fadamun ƙasar Mali ya yi watanni yana ratsawa, lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso nan cikin hunturu, garau, da sanyi, da ƙarfi kuma.

Ran nan da la'asar muka gangara mashigar da ake hawa jirgin tungar su Kaka. Kasuwa ta tashi, kowa yana hanzarin komawa gida. Jirgin dogo ne, na katako, da inji a baya. Muka tsaya muna kallo ana lodi: buhunan taki, jarkunan mai, babura biyu, awaki, mata da goyo, tsofaffi, 'yan makaranta. Da aka gama, abin da ya rage tsakanin bakin jirgi da ruwa bai fi yatsa huɗu ba. Wani yaro yana zaune a tsakiya yana ta kwarfe ruwa da ƙwarya. Mai jirgi ya ɗaga mana hannu, "Ku taho, akwai wuri!"

Auta tana ta zillo a hannun uwarta, tana miƙa hannu wajen jirgin. Nan fa gardama ta tashi tsakaninmu.

Uban yara ya ce, "Minti ashirin ne fa. Dubi jarirai a bayan iyayensu. Ni ma a cikin irin jirgin nan na girma. Mun yi tafiyar kwana biyu, sa'an nan mu tsaya a bakin ruwa? Me zan ce wa Inna?"

Uwar yara ta ce, "Maigida, kai ka iya ruwa, ni ban iya ba. Yaran nan uku ba wanda ya iya. In wani abu ya faru, wa za ka fara kamawa?"

Yaya ya sa baki, "Haba, uwar yara, ai Allah ne mai tsaro. Kullum ana ƙetarewa."

Ta ce, "Gaskiya ne, Yaya. Amma mutanen Wara ma kullum suna ƙetarewa." Kowa ya yi shiru, gama ba wanda ya manta da 26 ga Mayu, 2021, ranar da jirgi ya tsage a kan wannan kogi kusa da Wara ta ƙasar Ngaski. Fiye da mutum 150 ke ciki, waɗanda aka ceto da rai kuwa wajen 20 ne.

Akwai wani dattijo Basarke zaune a gindin itace yana ɗinkin taru, yana jinmu. Ya yafito uban yara ya ce, "Ɗana, yarinyar nan in ka ce mata zauna, tana zama?"

Uban yara ya ce, "Wani lokaci, Baba."

Dattijon ya ce, "Ruwa bai san wani lokaci ba. Namu da kake gani, tun suna rarrafe suke wasa a gaɓa. Kafin yaro ya shekara biyar ya san in ya miƙe tsaye a jirgi zai sha mari. Duk da haka muna rasa su. Taka baƙuwa ce. In ta ga kifi ya yi tsalle, za ta bi shi."

Muka tambaya ko akwai rigar ruwa. Aka nemo guda biyu, duka na manya. Muka gwada wa Auta ɗaya. Uwarta ta kama kafaɗun rigar ta ɗaga, sai rigar ta taho, yarinya ta zame ta ƙasa ta tsaya tana dariya. Uban yara ya dubi matarsa, ita ma ta dube shi. Dukanmu biyu saurayin nan na Abuja muka tuna. Jirgi ya tashi ba mu. Auta ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Abin da muka tattauna da dare

Bayan yara sun yi barci muka zauna da Yaya da matarsa a tsakar gida. Zukatanmu ba su kwanta ba, gama tsoron ɓata wa Kaka rai yana damunmu. Matar Yaya ta ɗauko Littafi Mai Tsarki ta buɗe Farawa sura 33. A can ne Yakubu ya sadu da wansa Isuwa bayan shekaru da yawa. Isuwa ya so su kama hanya tare. Yakubu kuwa, ko da yake yana matuƙar son ya faranta wa wansa rai, ya roƙe shi ya yi gaba, domin yaran ba su yi ƙwari ba, shi zai biyo a hankali gwargwadon tafiyarsu. Isuwa bai yi fushi ba.

Yaya da kansa ya tuna mana da Matiyu sura 4, inda Shaiɗan ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali, ya ce ya diro tun da mala'iku za su tare shi. Ubangiji ya ƙi, gama yin haka gwada Allah ne. Yaya ya ce, "Na yi saurin magana ɗazu. Wanda ba shi da wata hanya sai jirgin nan, ya shiga ya dogara ga Allah. Mu muna da wata hanya."

A daren nan muka jera wa kanmu tambayoyi. Ga su, ko za su yi wa waɗansu iyaye amfani, ko a wurin lilo, ko a bakin kogi, ko a kan babur ɗin haya.

Ta fari, abin da aka yi domin ya riƙe mutum, zai riƙe wannan yaro? Ƙarfen kujera ne, ko rigar ruwa, ko ɗamarar mota, a gwada a gani. In yana zamewa, magana ta ƙare. Hannun uba ba ya maye gurbinsa.

Ta biyu, yaron yana jin magana nan take, ko sai an faɗa sau uku?

Ta uku, in ya tsorata, za a iya tsayawa a sauke shi? Jirgin lilo in ya tashi sai ya kai ƙarshe. Jirgin ruwa ma ba ya tsayawa a tsakiyar kogi.

Ta huɗu, yaya abin hawan yake, yaya kuma mai tuƙa shi? An cika lodi? Dare ya yi? Mai shi yana kula, ko kuɗi kaɗai yake ƙirgawa?

Ta biyar ita ce mai zafi. Wa yake so a yi hawan, yaron ko mu? Ɗan shekara biyu yana son wuta ma. Da muka bincika zuciyarmu muka tarar a Abuja hoto muke so mu ɗauka, a nan kuma kunyar idon dangi muke ji.

Muka yi addu'a muka kwanta.

Kaka ta ƙetaro

Da sassafe, ruwa kwance ba iska, uban yara da Yaya suka ɗauki shatar ƙaramin jirgi, suka sa rigunan nan biyu, suka ƙetare. Uban yara ya durƙusa ya gai da mahaifiyarsa, ya soma kame-kame. Kaka ta katse shi. Ta ce, "Jirgin kasuwa? Da ka sa mini jika a jirgin kasuwa da la'asar, da kai da ni ne. Ka manta wanka da aka haifa kafin kai?" Uban yara ya sunkuyar da kai. Ya san an yi wani yaro tsakaninsa da Yaya, ya san kuma ruwa ne ya ci shi yana ɗan shekara uku, amma bai taɓa jin Inna ta ambace shi ba sai ran nan.

Ta shiga ɗaki ta ɗaura zane, ta ɗauko ƙunshin busasshen kifi da ƙwaryar shinkafa. Matar da ta shekara biyar ba ta taka gari ba ta ce, "Ku tashi mu je. Ni na san ruwa, shi ma ya san ni." Yaya ya tuɓe rigarsa ya sa mata. Ta yi gunaguni, amma ta sa.

Muna tsaye a gaɓa suka iso. Kaka ta sauko, ta dubi Auta sama da ƙasa, ta ce, "To, ke ce kishiyar tawa? Har kin sa na bar gidana?" Auta ta ɓuya a bayan uwarta. Kafin azahar kuwa tana kan cinyar Kaka tana cin kifi. Ranar Kirsimati muka yi sujada tare, Kaka ta yi waƙa da harshen iyayenta, muka ci shinkafar gungu da miyar giwan ruwa.

Auta ma ba ta rasa hawan jirgi ba. Kashegarin Kirsimati Kaka ta kai ta gaɓa, inda aka ɗaure wani kwalekwale a ruwan da bai kai gwiwa ba. Ta zauna a ciki ta ɗora ta a cinya, uban yara yana tsaye a ruwa riƙe da bakin jirgin. Da fari murna kamar me. Can wani jirgin inji ya wuce daga nesa, igiyar ruwa ta zo ta ɗan jijjiga su. Sai Auta ta ƙanƙame Kaka ta tsala ihu, "Sauka! Sauka!" Ubanta ya miƙa hannu ya ɗauke ta, taki biyu ya kai ta tudu. Kaka ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Kun gani? Da a tsakiya ne fa?"

Bayan mun dawo

Ba mu yi sati da komawa gida ba sai muka ji a rediyo, a farkon Janairun 2023, jirgi ya karye a Kwara kusa da Samanaji ta ƙasar Koko-Besse, maƙwabciyar Bagudo. Mutum wajen 100 ke ciki, manoman shinkafa masu komowa daga gona, mata da yara da yawa. Aka tsamo gawa 10. Ba mu kawo wannan domin mu ce mun fi su dabara ba. Su neman abinci ya fitar da su, ba su da zaɓin da muke da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 ruwa ya ci mutum wajen 300,000 a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Muna roƙonku ku riƙa tunawa da mutanen bakin Kwara cikin addu'a. Ikilisiyar da take da hali kuma, in za ta aika da taimako ƙauyukan kogi, ta sa rigunan ruwa a ciki, kada kuma a manta da ƙanana na yara.

Ranar da za mu bar Illo, Kaka ta tsai da Auta a jikin bangon zauren Yaya, ta ɗauki gawayi ta ja layi daidai kanta. Sa'an nan ta ɗaga hannu sama ta ja wani. Ta ce, "Ran da ta kai nan, ta kuma iya ruwa, ku kawo mini ita gungu. In ba ku tarar da ni ba, ku nuna mata rumfar da muke sujada."

Yaya ya hana a shafe bangon. Mu kuma da muka dawo muka ja irin layin nan a ƙofar ɗakinmu. Kowace ranar haihuwarta Auta takan je da kanta ta jingina, ta ɗaga dunduniya a ɓoye, mu kuwa mu ce mata ta sauke. Allah ya raya mana su duka, ya kuma ba mu haƙurin tafiya gwargwadon ƙafarsu. Amin.